Barkonon da Na Watsa wa Surukina

Daga Damagaram aure ya kawo ni Diffa, ni da akwatina da taurin kaina. Iyayena 'yan kanti ne, dangin mijina kuwa Barebari ne, manoman tattasai a bakin kogin Komadugu tun kaka da kakanni. Na faɗi jarrabawar ƙarshen kwalej kafin aure, abin ya tsaya mini a rai, sai na nace sai na shiga karatun manya da wani mushe, wato malamin boko, ke koyarwa a wata lakwal, makarantar boko da ke can ƙarshen gari. Ana shiga bayan magariba, a tashi bayan isha'i. Maigida ya yarda da ƙyar, amma ya kafa sharaɗi: ranar da wani abu ya same ni a hanya, ko da tuntuɓe ne, karatu ya ƙare. Shi ba zai iya raka ni ba, don lokacin ban ruwa ne, a gona yake kwana wajen inji.

Gida ɗaya muke da iyayensa. Surukina dattijo ne marar yawan magana, kuma tsakaninmu kunya ce mai kauri. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon katanga. In muka yi kiciɓis a zaure, sai ka rantse ni ce surukar tasa babba, don shi ke fara juyawa.

Hanyar lakwal tana bi ta wani lungu mai itatuwan dogon yaro, ba fitila ko ɗaya, ga labarin masu fizge jaka ya cika gari. Na kai kukana wurin maƙwabciyarmu, wata mai tuyar kifi 'yar Bosso. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke 'yar Damagaram, kina zaune garin barkono kina tsoron ƙato?"

Ta daka mini busasshen barkono, ƙananan nan masu mugun yaji, ta ƙulle a takarda. "Kar ki yi kuwwa, kar ki gudu. Bari ya matso. Ki duba inda iska ke zuwa, ki watsa, sannan ki kwashe takalmanki ki runtuma."

Ba a yi sati biyu ba na fara jin sawu a bayana. In na tsaya ya tsaya, in na ɗaga ƙafa ya ɗaga. Kwana uku ana haka. Ban faɗa wa kowa a gida ba, don faɗin shi ne ƙarshen karatuna. Tsoro ya ishe ni, daga baya ya koma haushi. Wane ne wannan da zai raba ni da takardata?

A rana ta huɗu na laɓe bayan wata itaciya. Mutumin ya daina hango ni, sai ya ƙara sauri. Na lashi yatsa na gwada iska kamar yadda aka koya mini, ya iso daidai, na sheƙa masa ƙullin gaba ɗaya a fuska.

Salati na ji, sai atishawa, sai Barbarci a jere. Muryar da nake gaisarwa kullum safiya ce. Takalman da na cire suka faɗi daga hannuna.

"Baba, ni ce!"

"Na san ke ne," ya ce da Hausarsa ta Barebari, yana durƙushe. "Wa nake bi in ba ke ba?"

Ashe kullum sai ya fito daga masallaci ya jira a tashe mu, ya biyo ni daga nesa har gida. Jerawa da matar ɗansa a hanya ba zai yiwu ba, yi mini magana ma ba zai yiwu ba. Na rasa ko in kama hannunsa ko in gudu, ga shi ko gefen rigarsa ban taɓa taɓawa ba.

"Wuce gida," ya ce. "Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba. Yanzu ma ba na ganin komi."

Na wuce ina kuka. Ban runtsa ba, na riga na yi bankwana da littattafaina.

Da safe maigida ya dawo daga gona ya tarar da idanun mahaifinsa jajur kamar garwashi. Ina bayan zana ina shara, ina kasa kunne.

"Baba, me ya same ka?"

"Buhun barkono na zazzage, iska ta juyo."

Surukata ta saki shewa. Manomi tun yana yaro, a ce bai san iska ba! Kafin azahar labari ya kai majalisar dattawa, aka yi sati ana tsokanarsa a ƙofar masallaci. Mutumin da ba a yi masa wasa ya haɗiye duka.

Maigida dai bai gamsu ba. Da yammar ranar na ji ya koma wurin mahaifinsa yana cewa hanyar lakwal ɗin nan ba ta kwanta masa ba, gara in haƙura.

"Bar ta ta yi karatunta," in ji dattijon. "Wanda ya tare ta a hanya, shi za ka ji wa tausayi."

Na ci jarrabawar a shekarar. Har ya rasu ba mu taɓa tada maganar ba, ni da shi. Gafarar da zan nema da godiyar da zan yi, kunya ta hana ni furta ko ɗaya, kuma wannan yana damuna har yau.