Idon da ke bangon kicin ɗina

A unguwar New Bell ta Douala aka haife ni, a nan na tsufa, kuma ba a taɓa yin biki a layinmu ba a ce a kira ni in ɗora farfesun ƙafar sa ba. Wannan kowa ya sani. Ƙafar sa ba ta son gaggawa. Ka ɗora ta da hantsi, ka tafi harkarka, sai bayan la'asar take sakin jiki.

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, yana aikin ofis a bakin Port, tashar jiragen ruwa. Shekaran jiya, kamar yadda tsofaffi muke cewa ko da an yi shekara, ya zo da wani mutum suka yi ta huda bango. Suka sa mini risho na lantarki, suka liƙa wani farin abu kamar rabin ƙwai a saman ƙofar kicin.

"Inna, wannan ido ne," in ji shi. "In ya daɗe bai ga motsi ba, zai kashe risho da fitila da kansa. Saboda gobara."

Na ce, "Ni da na yi girki tun ba a haife ka ba, gobarar wa na taɓa tayarwa?"

Ya yi dariya, ya juya ya yi wa mutumin Faransanci.

Ranar farko na ɗora wake, na je na yi walaha, na dawo na tarar tukunya ta huce. Na ce an ɗauke wuta ne, don a Douala wannan ba labari ba ne. Na leƙa, ga fankar maƙwabta tana juyawa. Ina shiga kicin kuma fitila ta kama da kanta, amma risho shiru, sai na danna. Na buga wa ɗana waya. Ya ce abin ƙirga lokaci yake yi, duk sanda ya ga motsi sai ya koma farkon ƙirga. Na ce to wa ya koya masa ƙirga, kuma nawa yake ƙirgawa? Ya ce, "Pardon, Inna, ina miting."

Ana haka aka sa ranar da iyayen matarsa za su zo daga Bonabéri gaishe mu. Uwarta ta daɗe tana jin labarin farfesuna, ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Ina zan kai mata ƙafar da ba ta nuna ba?

Wata safiya kazata ta shige kicin, sai na ga fitila ta kama. Ashe idon nan bai san mutum da kaza ba! Ranar baƙi na ɗora tukunya, na watsa tsaki a ƙasa, na rufe kazar a ciki, na tafi gyaran ɗaki hankali kwance.

Da azahar na buɗe ƙofa. Duhu. Kazar ta cinye tsakin, ta haye buhun albasa ta lafe abinta. Romo ya yi sanyi har mai ya fara daskarewa a sama, ƙafar kuwa kamar tayar mota.

Na kore ta, na danna risho, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna. Tunda ban san iyakar ƙirgarsa ba, sai na riƙa ɗaga masa mayafi ina kaɗawa, in huta kaɗan, in sake. A haka baƙi suka yi sallama. Uwar matar ɗana ta biyo ƙamshi ta same ni ina yi wa bango fifita.

"Hajiya, lafiya? Wa kike kira?"

"Ɗan sandan da surukinki ya ajiye mini. In na tsaya, ya kashe wuta."

Ta dubi abin, ta dube ni, ta cire takalmi. "Hannunki ya gaji. Matsa."

Muka riƙa karɓeɓeniya, tana kaɗawa ina juya tukunya, har aka kira magariba. Naman ya saki ƙashi. Ta ci, ta ƙara, ta sa aka zuba mata na tafiya.

Daga baya ɗana ya taɓa wayarsa ya ce ya ƙara wa idon haƙuri. Ban san inda haƙurin yake shiga ba. Har yau in na ɗora ƙafar sa, nakan leƙo lokaci-lokaci in ɗaga masa hannu, ya san ina nan.