Sakataren da Yake Gaida Inji

A Roni kowa ya san Malam Ɗayyabu, sakataren ƙungiyar manoma da makiyaya, da doguwar gaisuwa. In ka haɗu da shi a kan babur, to ka kashe injin kawai, don sai ya tambaye ka iyali da shanu da damina, har kakarka da ke Gwiwa.

Da ƙungiya ta buɗe imel, sai ya kwaso halin nan ya shiga da shi. Duk saƙon da ya shigo sai ya amsa, bi da bi, yadda suka zo. Masu tallan taki, kamfanin waya, masu gayyatar taro a Abuja, kowa sai an tambaye shi ya gida ya yara. A wurinsa saƙo sallama ce, kuma ɗan mutunci ba ya jin sallama ya yi shiru. Kafin ya iso kan saƙon da ke da amfani, abin ya riga ya wuce. Haka likitocin dabbobi suka zo rigakafi suka tarar da fili babu ko ɗan maraƙi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Musaddiƙ, ya ce masa a gaban mutane, "Malam, muna son ka, amma in aka sake haka za mu nemi wani sakataren."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don yana son kujerar nan. Ya koma gida ko tuwo ya kasa ci. Matarsa Rahamatu, wadda ke koyarwa a Kazaure, ta karɓi wayarsa ta duba saƙonnin. Can sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Baban Bahijja, wa kake yi wa barka da shan ruwa a nan? Inji ne fa yake turo wannan. Babu kowa a ciki."

"Inji? To shi ya sa bai taɓa cewa lafiya lau ba. Ni ina ta cewa mutumin nan ba shi da tarbiyya."

Ya yi dariya shi ma, ya ji an sauke masa kaya. Tunda ba mutane ba ne, babu haƙƙin kowa a kansa. Suka zauna suka tsara akwatin saƙon kamar yadda ake tsara gida. Masu talla aka tsayar da su a zaure, wasu ma aka sallame su gaba ɗaya. Hukuma da likitocin dabbobi aka ba su ɗakin baƙi, 'yan ƙungiya kuwa aka shigo da su tsakar gida. Ya koma duba saƙo bayan Asuba da bayan La'asar, sauran yini ya tafi gonarsa.

Ran kasuwar Babura, Alhaji Musaddiƙ ya gwada shi, ya tura tambaya kan taron makiyaya. Kafin ya gama alwalar Magariba amsa ta iso: rana, wuri, da waɗanda aka sanar, duk a saman. A ƙasa kuma ga gaisuwa ta cika fuskar waya, har da tambayar ciwon ƙafar Hajiya, matar Alhaji.

Ya kira shi yana dariya. "Sakatare, kujera taka ce. Amma ashe ba ka daina gaisuwar ba?"

"Ranka ya daɗe, ai kai mutum ne."