Gidan Mai Sunan Malam

Rannan ina wucewa ta wani lungu na tarar ana rushe wata tsohuwar katanga, an yayyafa mata ruwa don ta yi laushi. Ƙamshin tsohuwar ƙasa da ta sha ruwa ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a tsaye kamar wanda aka kira. In ka taɓa kwana a ɗakin ƙasa ka san ƙamshin da nake nufi. Ni dai duk sanda na shaƙe shi kakata nake tunawa, da ranar da ta ja ni muka shiga Birni neman gidan ubanta.

Iya muke ce mata, ita ta haifi Baba. Ƙauyenmu yana kan hanyar Bici, irin ƙauyukan nan da gona ke bin gona, daga ƙofar gidanka kana hango rumbun maƙwabci. Amma Iya ba 'yar nan ba ce, kuma ba ta bari a manta. A Birni aka haife ta, a gindin Dala, a gidan wani bafatake mai kai fatu da tufafi arewa. Aure ne ya kawo ta cikin manoma. Ta yi sussuka ta yi surfe da matan ƙauye har gashinta ya yi fari, amma in miya ta yi ƙarancin mai sai ta taɓe baki ta ce a gidansu ko akuya ba a ba wannan. Ni kuwa wasan jika da kaka ne tsakaninmu. Maigida take kirana, maigidan da bai taɓa cefane ba, ni kuma kullum sai na sake ta saboda ba ta da haƙori.

Rabonta da gidan tun rasuwar mahaifinta, lokacin Baba yana goye. 'Yan'uwanta maza sun watse, wasu sun bi hanyar gabas ba su dawo ba, gida ya koma hannun jikokin da ba su san ta ba. Amma a bakinta gidan yana nan daram. Mun haddace shi tun ba mu san inda Birni yake ba: zaure bayan zaure kafin ka ga tsakar gida, rijiya a hagu, matakala mai duhu zuwa bene. Abin da ta fi maimaitawa shi ne ɗakin uwarta, mai rufin daurin guga, wato bakunan ƙasa da suka taso daga bango suka haɗu a sama, an kafa farar tasa a mahaɗarsu. Ta ce tana yarinya takan kwanta rigingine ta ga fuskarta 'yar mitsitsiya a cikin tasar.

Wata bazara wani ɗan koli da ke zagayowa ƙauyenmu ya zauna shan ruwa a zaurenmu, yana ba da labarin Birni. Ya ce tsofaffin gidajen gindin Dala sai zubewa suke, babu mai yi musu yaɓe, magada suna sayarwa ana kafa bulo. Iya tana daga ciki tana ji. Da yamma ta ce wa Baba tana so a kai ta ta ga ɗakin uwarta kafin ruwa ya sauka. Baba ya ce ta bari a yi shuka tukuna, ga kai taki gona bai gama ba. Ba ta yi musu ba. Amma ita ta san abin da damina ke yi wa ginin ƙasar da aka daina shafa, don haka ranar kasuwa ta ce za ta dubiya ƙauyen gaba, ta ƙulle daddawa da kuka a tsumma don tsaraba, ta ce maigida ya zo ya raka matarsa. Sai da muka hau mota na gane inda muka nufa.

A Ƙofar Ruwa ta sa aka sauke mu. Direba ya ce ai zai ƙara gaba, ta ce ita ba ta shiga garinsu a zaune. Nan na fara ganin ganuwa. A labarin Iya bango ne da tsuntsu ke gajiya kafin ya tsallake. Abin da na gani dogon tudu ne na jar ƙasa, an gutsure shi nan da can kamar tuwon da yara suka sa wa hannu. Awaki suna kiwo a kansa, wasu mutane suna haƙar gindinsa suna loda wa jakuna. Iya ta tsaya ta dube su, ta ce, "Sannunku da cin amana," a hankali yadda ni kaɗai na ji. Sannan ta dafa kafaɗata muka hau ta inda ya fi gajarta. Daga sama ta nuna min Dala, ta nuna min rufin soraye da zankayensu a tsaye kamar kunnuwan zomo. Ta ce ubanta ya faɗa mata a zamaninsu in aka rufe ƙofa da magariba, ko ɗan wane ne kai a waje za ka kwana. Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na wannan safiya ba.

Hanyar gidan a kanta take, a cewarta. In ka miƙe daga ƙofa za ka tarar da babban kududdufi mai kuka a bakinsa, sai ka karya wajen Dala, ka wuce marina, ka shiga lungun da jaki mai kaya ba ya iya bi. Muka miƙe. Muka yi ta tafiya rana tana ɗagawa, babu kududdufi babu kuka, sai shaguna da injin niƙa. Ta juya gabas ta juya yamma, ta ce, "Maigida, sun ɗauke kududdufin." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Haka muka faɗa cikin lungunan gindin Dala muna lalube. Ni ɗan ƙauye, bakina a buɗe. Katangu masu kauri sun rufe mu ta kowane gefe, indararo yana leƙowa daga sama, a fuskar wasu gidajen an yi zane da hannu tun ƙasa na ɗanya, rabinsa ya ɓantale. A wani gida mai tsohon ƙyaure da ƙusoshi manya ta tsaya, ta shafa bango, ta ce wannan ne. Muka yi sallama muka shiga. Daga zafin waje muka faɗa sanyi kamar cikin randa. Zaure na farko jemagu sun mallake shi, na biyu an tara buhunan gawayi, azarar rufin ta lanƙwaso. Matar gidan, wata yarinya mai goyo, ta karɓe mu da fara'a ta kawo ruwa, har ta bar mu muka leƙa wani ɗaki mai daurin guga. Na ɗaga kai na ga bakunan nan yadda Iya ta siffanta, sai dai ramin tasar ne kawai, an cire ta. Iya ta daɗe tana kallo. Da ta fito tsakar gida ta ga rijiya a dama, ta girgiza kai ta ce ba nan ba ne. Matar ta ce ita ma aure ya kawo ta, amma gidan wa ake nema?

To, nan gizo ke saƙar. A Birni da sunan mai gida ake sanin gida, ko da ya shekara hamsin a ƙasa. Mahaifin Iya kuwa takwaran mijinta ne, wato kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni. Mace irin Iya ba ta kama sunan miji, yana raye ko ya mutu, balle ga shi sunan uba. Duk wanda ya ci sunan, a wajenta mai sunan Malam ne. Ni ma ban san sunan ba. A gidanmu Malam ne kawai, ɗan baffana da aka sa wa sunan kuwa Malam Ƙarami muke kiransa, ban taɓa tunanin yana da wani suna a ƙarƙashin wannan ba. Don haka Iya ta sunkuyar da kai ta ce wa matar, "Gidan mai sunan Malam."

Haka ta faɗa wa mai shago, haka ta faɗa wa wasu samari teloli. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wane Malam, Iya? Ai rabin garin nan malamai ne." Suka kwashe da dariya, amma ba 'yan banza ba ne, don su suka kwatanta mana wani tsoho da suka ce babu gidan da bai san asalinsa ba a unguwar.

Mun same shi bayan azahar a ƙofar wani zaure, yana tufkar igiya, dattawa uku ko huɗu suna zaune tare da shi a inuwa. Makaho ne. Iya ta durƙusa daga nesa ta gaishe su. Da ta faɗi buƙatarta tsohon bai yi dariya ba, shi ya san irin wannan. Ya ce, "Ba komai, baiwar Allah. Ni zan kira, ke ki amsa." Ya aje igiyar ya fara jero fataken unguwar na da, kowanne da laƙabinsa. Ya kira wannan, Iya ta ce a'a. Ya kira wancan, ta ce a'a. Ana cikin haka ya kira wani suna, sai na ga Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta dubi ƙasa, ta yi shiru. A ƙauyenmu wannan shirun kowace mace ta san ma'anarsa. Amma tsohon ba ya gani, dattawan kuma sun kau da kai don kada su ƙura wa matar mutane ido. Ya ɗan saurara, bai ji komai ba, ya wuce zuwa na gaba. Ni kuwa na ɗauka rana ce ta dame ta. Da sunaye suka ƙare masa ya ce, "To, wannan ya fi ƙarfina. Allah ya haɗa ki da mai sani." Iya ta yi godiya, ta aje masa ƙullin daddawar da ta kawo wa 'yan gidansu, muka tashi.

Mun ƙara zagayawa kaɗan, amma ƙafarta ta fara ja, motar ƙauyenmu kuma ba ta kai magariba. Sai da muka fito ta ƙofar da muka shiga, muna jiran mota a inuwar ganuwa, ta ce, "Ya faɗe shi fa. Ya faɗa ya wuce."

Na ce, "To me ya hana ki ce shi ne?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "In amsa sunan Malam a bakin hanya, a gaban maza?"

Na ce mu koma, ni zan faɗa, ta gaya min kawai wanne ne. Ta ce da wane bakin za ta gaya min? Ta kama hannuna ta riƙe gam har mota ta zo. Na ji haushinta ranar nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau akwai sauran haushin. Kalma biyu ce tsakaninta da ɗakin uwarta.

Da muka dawo Baba ya yi faɗa, sannan ya kira ni gefe ya faɗa min sunan a hankali, shi ma yana kallon ƙasa. Ya yi alkawarin zai kai ta da kansa da zarar an gama shuka. Aka yi shuka, noma ya taso, aka shiga maimai. Cikin marka Iya ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, daga nan tafiyarta ba ta ƙara wuce ƙofar ɗaki ba. Ta yi 'yan shekaru a haka. Ba ta daina ba mu labarin zaurukan da rijiyar ba, amma ban ƙara jin ta ambaci tasar nan ba, kuma ba ta sake cewa a kai ta ba. Ba mu taɓa sanin ko ɗakin yana tsaye a ranar da muka je ba.

Yanzu zamani ya sake. Ina jin mata suna ƙwala wa mazansu kira da suna daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma sama ba ta faɗo ba. Ba na ce sun yi laifi ba. Da Iya tana da rabin wannan sakin bakin da ta ga abin da ta je gani. Amma kuma da ba ita ce Iyar da nake kewa ba, wannan ne ya sa na kasa yanke hukunci.

Bara na koma gindin Dala ni kaɗai, da furfurata, da sunan a bakina. Inda muka hau ganuwa yanzu shagunan kayan gini ne. Na bi lunguna ina tambaya, ina kiran sunan da laƙabinsa ba kunya ba tsoro, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na nemi dattawa, sai na tarar sa'o'ina ne dattawan, kuma ba wanda ya taɓa jin sa. A ƙarshe wani saurayi mai cajin waya ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce, "Baba, ba ka da lambarsa ne mu kira shi?"

Na ce masa a'a, ɗana, ba ni da ita. Wadda ta san hanyar ta riga mu gidan gaskiya, makahon nan da ya san gidan kuwa ya taɓa kiran sunan a gabana, ina zaune ina kallon igiya.