Awa Biyar Babu Inji

Eulalie Batiste gajeriya ce, amma muryarta kan riga ta isa ƙarshen baranda. Shekara ashirin da shida tana aiki a asibitinmu na masu doguwar jinya a kudancin jihar Louisiana ta Amurka, inda ake kawo waɗanda manyan asibitoci suka ƙwato daga bakin mutuwa amma ba su iya miƙewa ba. Aikinta yaye mutane daga injin numfashi, kamar yadda uwa ke yaye ɗa. Ni kuwa wanka nake yi wa majinyata ina sauya zanin gado, shekara sha tara ina bin bayanta, kuma ban taɓa cin gardama da ita ba. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta sake aure ba. In an tambaye ta sai ta ce tsofaffi goma sha biyu take lallashi kullum, me za ta yi da na sha uku?

A da, in Eulalie ta ce mutum na bukatar wata uku, wata ukun zai yi. Yanzu fayil ne likita. Inshorar gwamnati ke biyan kuɗin gadajenmu, kuma sai ta ga majinyaci yana ci gaba take biya. Masu binciken nata ba su taɓa shaƙar warin ɗakunanmu ba, suna can wani gari cikin sanyin ofis suna bin takardu layi-layi. Bara da suka ga abin da bai yi musu ba, sai da aka rufe ɓangare guda, mutum goma sha ɗaya suka rasa aiki. Tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Kalma biyu muke tsoro: babu canji. In suka fito sati uku a jere a fayil ɗin mutum, shi ke nan, sai a kwashe shi zuwa gidan tsofaffi.

Baba Alcide Guidry masuncin jatan lande ne, ciwon huhu ya kayar da shi. Bututu ne a maƙogwaronsa, ba ya magana sai dai ya yi rubutu a ɗan allo. Ya fara da minti goma babu inji, a hankali Eulalie ta kai shi awa huɗu, daga nan ya tsaya cak har sati biyu. Gidan tsofaffin da ke karɓar mai inji kuwa yana wata jiha, sama da mil ɗari biyu daga nan. Matarsa, Mama Verna, ta kusa tamanin, tana da yanar ido, ba ta tuƙi. Bas ɗaya take hawa kullum ta zo mana da carbinta da kofi mai ɗaci a filas. In aka ɗauke shi, an raba su ke nan bayan shekara hamsin da biyu.

Ranar Laraba, sati na uku na gab da cika, na tare Eulalie a ɗakin ajiyar zannuwa.

"Anti, ki rubuta awa biyar mana. Wa ya gani?"

"Injin ya gani, sarkin wayo. Shi ma yana ajiye nasa bayanin, minti-minti. Su haɗa nawa da nasa, ki ga an rufe mana wani ɓangaren. Ke za ki ciyar da mutanen?"

"To mu zuba ido a tafi da shi?"

"Wa ya ce miki? Zai yi biyar ɗin, ko ya so ko ya ƙi."

Ba ta ɓoye wa Baba da matarsa komai ba. Ta zauna a bakin gadon ta ce, "Baba, gobe in ka kai awa biyar kana nan tare da matarka. In ba ka kai ba, hannuna a ɗaure yake." Tsohon ya jawo allonsa ya rubuta, "Ke za ki fara gajiya, 'yar guntuwa."

Ƙarfe takwas na safiyar Alhamis ta cire masa injin. Awa uku na farko kamar wasa, har yana kashe min ido. Da aka shiga ta huɗu zufa ta karyo masa. Na sauya matashin kansa sau biyu. Mama Verna ta juya agogon bango don kada ya gani, ta riƙe hannunsa tana ba shi labarin jikokinsu.

Awa huɗu da minti ashirin, leɓɓansa suka fara yin toka-toka. Kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi. Eulalie ta sunkuya a kansa tana cewa, "Ja, Baba. A hankali. Ja." Ta san abin da ya kamata ta yi, ni ma na sani, amma dukanmu muka ƙura wa agogon hannunta ido. Na ji kunyar kaina, har yau ina ji. Muna azabtar da bawan Allah don mu gamsar da mutumin da bai san kamanninsa ba.

Mama Verna ce ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Mayar masa, 'yata."

"Mama, saura minti talatin da biyar."

"Na ji. Mayar masa."

Eulalie ta mayar da injin. Ƙirjinsa ya lafa, jini ya dawo fuskarsa. Can ya lalubo allon, da kyar ya rubuta, "Na kai?"

Eulalie ta buɗe baki, amma Mama Verna ta riga ta.

"Ka kai, tsohona. Har ka wuce. Yi barcinka."

Ya yi murmushi ya lumshe ido. Eulalie ta fita ta zauna a gaban kwamfuta, ta daɗe hannunta na kan cinya, sannan ta rubuta abin da ya faru.

Ranar Litinin motar asibiti ta zo kai shi gidan tsofaffin. Muna tura gadonsa a baranda yana ɗaga wa kowa hannu, a zatonsa hoton ƙirji za a kai shi. Da muka zo bakin ƙofa ya nemi allonsa, ya rubuta wa Mama Verna, "Jira ni a ɗaki."