Makokin da Gwaggo Dije ta yi wa ɗan Koriya

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Dije bayan la'asar ya san ƙa'ida. Ka yi sallama, ta ɗaga maka hannu, ka nemi tabarma ka yi shiru. Waya na jingine a jikin turmi, gilashin nan nata mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zaren buhu yana kan hanci, ta miƙe ƙafafu tana kallon ɗan fim ɗin Koriyar nan nata. Ko ƙuli ka zo saya sai ka jira. Ni Hauwa, da nake 'yar ƙaninta, na sha yin rabin awa a zaune ba ta ce min ci kanki ba.

Sunan jarumin dai har ta koma ga Allah ba ta iya faɗa ba. Wata rana ta sa na karanta mata tarihinsa a waya. Na ce ubansa masunci ne a wani ƙauye na bakin teku, shi kuma ya bar makaranta ya tafi birni, ya yi shekaru yana shara a gidan wasan kwaikwayo kafin a fara sa shi a fim.

"A me ya fara fitowa?" in ji ta.

"A gawa, Gwaggo."

"Gawa? To ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"Kin ji yaro mai haƙuri!"

Tun daga ranar ya zama Ɗan Masunci. In abin ya motsa mata kuma sai ta ce "ɗana". Mu 'yan gida in ta faɗi haka sai kowa ya sunkuyar da kai, don tana da nata ɗan, Yaya Sabi'u, shi kaɗai Allah ya bar mata. Ya sayar da gonar mahaifinsa ta Sandamu bai gaya mata ba, ya sayi mota. Ta ce masa kada ya sake taka mata gida. Shi kuma da yake zuciyar tata ya ɗauko, ya tattara ya yi Fatakwal yana tuƙin tirela. Shekara tara ba waya ba aike. Gwaggo kuma ga hawan jini, ga ƙafa, kullum tsoronmu kada ta cika ba su ga juna ba. In ka kawo mata zancensa sai ta ce, "Kin ci abinci?"

Data kuwa ba ta taɓa saya ba. Ranar kasuwa za ta ƙulla ƙuli a leda ta tafi wurin Nura mai tura fim, ta dangwara masa, ta ce ya zuba mata na Ɗan Masunci. Sau ɗaya Nura ya yi mata gwaninta ya tura mata wanda aka yi wa fassarar Hausa. Kai! Ko sallar azahar ba a yi ba ta koma.

"Wa ya ce ka sa masa muryar wani ƙato? Wannan ai muryar ɗan tasha ce!"

"Hajiya, don ki gane abin da ake faɗa ne."

"Wa ya ce maka ba na ganewa? Goge, ka mayar masa da bakinsa."

Haka take kallo, da yaren nasu, ita ce mai fassara wa kanta. Ta ce, "Kin ga matar can? Cewa take ya ci amanarta." Ni kuma in karanta rubutun Turancin da ke ƙasa, in ga wallahi kusan hakan ne. Na taɓa tambayarta yadda take yi, ta ce shekararta hamsin tana sayar da man gyaɗa a gida, in mutum ya zo da ƙarya tun daga zaure take ganewa.

Da yake Nura ba ya turawa a jere, sai ta ga Ɗan Masunci yau da furfura yana sarki, gobe ya koma saurayi yana tallar kifi. Akwai wanda ya fito ɗan fursuna, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Na gaya mata da gangan ya ƙi cin abinci wata da watanni don wasan ya yi kyau. Washegari na tarar ta yi dambun nama cikin roba, ga ƙuli mai yaji, ga man shanu a kwalba, ta sa mayafi.

"Ina zuwa, Gwaggo?"

"Tasha. Koriyar nan ta Kano ake bi ko ta Damagaram?"

Na ce mata fim ɗin ya shekara goma sha, mutum ya daɗe da mayar da jikinsa, har lambar yabo aka ba shi a ƙasar Turawa saboda wannan ramar. Na nuna mata shi cikin kwat, ya rusuna yana karɓa. Ta kalla sau uku, ta ce, "Kin ga tarbiyya." Dambun kuma ta hana kowa, ita ta cinye abinta cikin kwana huɗu, wai ai ba da sunanmu ta yi ba.

Kada ku ɗauka ba ta san wasa ba ne. Ta sani sarai. Amma ranar da ya fito mugu, ya shaƙe wani tsoho a cikin mota, sai ta kife wayar a ƙarƙashin ƙwarya. Gaba ta ɗauka da shi. Kwana takwas ba kallo, la'asar ta yi sai ka gan ta tana tsince gyaɗa tana tsaki. A na tara ta buɗe, ta sa wani fim ɗin da ya fito uban yara marayu, ta ce ta yafe.

Nan na samu ƙofa. Na ce, "Gwaggo, wanda ya yi kisa kin yafe masa a kwana takwas, Yaya Sabi'u fa?"

"Wannan ya dawo yana kuka a gabana. Wancan ya dawo?"

Ta mayar da idonta kan wayarta.

To, sai bara da damina labari ya fito a waya cewa Ɗan Masunci ya mutu bayan doguwar jinya, bai kai sittin ba. Na yi niyyar ɓoye mata, ashe Nura ya riga ni. Na iske ta ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta jiƙa gero za ta yi gumba. Zaman makoki za ta yi, kwana uku. Malam Isuhu limamin unguwarmu ya aiko, daga baya ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin zaure.

"Dije, wannan bawan Allah fa ba mu san addininsa ba."

"Malam, na ce ka yi masa salla?"

"A'a."

"Na ce ka ja Fatiha?"

"Ba ki ce ba."

"To zama zan yi a gidana. An hana zama?"

Malam ya yi gyaran murya ya juya. Sai da ta bi shi da gumba a kwano, kuma ya karɓa.

Mata suka cika gida, har daga Baure an zo, rabi don dariya rabi don gumba. A shigo a ce, "Dije, ya haƙuri?" ta ce, "Da godiya." Ta zauna tana ba su tarihinsa tun daga shara har lambar yabo, ba ta tsallake gawar nan ba. Amma kukan da take yi na gaske ne, kuma duk wanda ya san gidan ya san ba na mutum ɗaya ba ne. Ni ce na ɗauki hoton bidiyo na sa a zauren 'yan uwa na waya, inda take cewa, "Ɗana ne, ko sau ɗaya bai taɓa juya min baya ba." Yaya Sabi'u yana cikin zauren, bai taɓa cewa uffan ba. Na sani sarai zai gani, kuma ban yi nadama ba.

Rana ta uku da hantsi sai ga mutum a ƙofar gida, ya yi baƙi, gemu ya yi fari. Ya yi sallama ya toge a bakin zaure. Yaya Sabi'u ne.

"Inna, ina raye kike wa ɗan wasu makoki?"

Gwaggo ta ɗaga kai ta kalle shi sama da ƙasa. "Shi kullum ina ganin fuskarsa. Kai fa?"

"Ke kika ce kada in taka miki gida."

"Na ce. Tun kana goye ba ka taɓa jin magana ba, sai wannan ɗaya ka riƙe?"

Mata suka fashe da dariya, shi kuma ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Ka yi min gaisuwa tukuna, an yi min rasuwa." Haka Yaya Sabi'u ya share hawaye ya ce, "Inna, ya haƙuri?"

Bai koma Fatakwal ba. Wata bakwai suka yi tare, shi ke kai ta asibiti, shi ke kai mata gyaɗa inji, suna faɗa kullum kamar ba a yi komai ba. A hannunsa ta cika, shi ya sa ta a kabari.

Shi wancan bawan Allah, Ɗan Masunci, bai san da garinmu Daura ba, amma ya yi mana abin da mu dangi muka kasa shekara tara, mun gode masa. Ke kuma Gwaggo, wallahi muna kewarki. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kamar yadda kika yafe wa ɗanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ku a gidan da ba a rabuwa. Amin.