Cutar Tana Hancina, Na Ɗora Wa Nas

Edita, masana tarihi sun cika littattafai da labarin biranen da aka ci da yaƙi, amma ban ga wanda ya rubuta cewa babu ganuwar da ta kai hancin ɗan Adam ɓoye maƙiyi ba. Ni zan rubuta. Lokacin da abin ya faru ni tsohon malamin makaranta ne a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda duba jarrabawa ya lalata wa zuciya, har ta kai ko gaishe ni aka yi sai na nemi inda aka ɓoye satar amsa.

Gwaiwa ce ta kai ni wani asibitin kuɗi a Tarauni. Kafin ranar tiyata, wata nas 'yar Kudancin Kaduna, mai kirana Baba, ta zura mini tsinke mai auduga a hanci ta aika ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ta ce ina ɗauke da wata ƙwayar cuta mai taurin kai wadda ba ta jin magungunan da aka saba. Wai tana zaune lafiya a hancin mutane da yawa, amma in ta samu yankan tiyata sai ta nuna halinta. Ta ba ni man shafawa a cikin hanci na kwana biyar da wani sabulun wanka. Na ce mata na koyar da sassan jiki tun ba a haife ta ba, kuma tsakanin hanci da inda za a yanka tafiya ce mai nisa. Ta yi dariya ta ce ai hannuna ne ɗan sahun da zai kai fasinjar. Dariyar nan ce ta tabbatar mini akwai lauje cikin naɗi. Ko mura ba na yi. Na jefa man a durowa, ranar aiki kuma da ta tambaye ni na ce na shafa tas.

An yi aiki lafiya, ita ta wanke mini ciwon sau biyu, na dawo gida. To ina da hali biyu. In ina karanta jarida yatsana ba ya barin hancina. Kuma ban yarda da aikin da ban duba ba, don haka kullum sai na ɗaga filasta na latsa ɗinkin, kamar mai neman kuskure a takardar ɗalibi. Cikin mako wurin ya kumbura, ya fara mugunya, zazzaɓi ya rufe ni. Kafson kyamis da na saba haɗiya biyu-biyu kan kowane atishawa ya zama kamar gyaɗa.

Na zargi masu dubiya, na zargi ruwan wankan da maiɗakina ke dafawa, daga ƙarshe zargin ya zauna kan nas ɗin. Na rubuta takardar ƙorafi cewa da safar hannun da ta taɓa wani majinyaci ta wanke mini ciwo. Ban gani ba. Maiɗakina ta ce, Malam, ka ji tsoron Allah. Na ce mata ba ta san asibitin zamani ba. Mai asibitin tsohon ɗalibina ne, ba ya iya musa mini. Aka sallami yarinyar.

A babban asibiti aka farke ɗinkin, na yi mako uku ana ɗura mini magani ta jijiya. Likita ya ce ƙwayar da ke cikin ciwon irin ta hancina ce, ya tambaya ko na shafa abin da aka ba ni. Na tsaya gyara zaman tabarau. Maiɗakina ta amsa masa cewa man yana nan a durowa.

Masu karatu, zato zunubi ne, balle na mai alƙalami. In an duba muku hanci kafin tiyata, ku shafa abin da aka ba ku, ku wanke hannu, ku bar filasta ta yi aikinta, ku daina haɗiyar kafso ba da izinin likita ba. Wanda kuma ya zalunci wani ya gaggauta gyarawa, domin jinkirin neman afuwa zalunci ne na biyu.

Takardar ƙorafin shafi huɗu ce, a zama ɗaya na rubuta ta. Takardar wanke yarinyar kuwa, shekara biyu ke nan ina gyara sakin layi na farko.