Makullin Motata da Jirgin Roba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa motar ofis, ban taɓa buge ko akuya ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumin da wani ɗan jirgin roba, wanda bai kai tsawon takalmina ba, ya mayar abin dariya a unguwarmu, Romi.

Wata huɗu da yin ritayata hawan jini ya kayar da ni, wata safiya ina shirin zuwa coci. Allah ya taƙaita, ɓarin hagu ne ya ɗan shanye, kuma bayan gashin ƙashi na miƙe da ƙafafuna, bakina ya koma daidai. Abin da bai dawo ba shi ne makullin tsohuwar motata. Matata ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ta ce sai na warke. Na ce na warke. Ta ce ita ba ta gani ba. Ni da na kai manyan daraktoci har Legas, sai ga ni a bakin titi ina tsayar da Keke, ana matse ni tsakanin buhun gawayi da kwandon kaji.

'Yata, wadda take aikin nas, ita ta kawo jirgin a kwali. Helikwafta ne ja, irin na wasa, da rimot ɗinsa.

"Baba, wannan zai motsa maka yatsun hagun nan," in ji ta.

Raina ya ɓaci, amma sai dabara ta faɗo mini. Na ce, "In na tashe shi na sauke shi lafiya, za ku ba ni makullina?"

Matata tana tsince wake a faifai a lokacin. Ta juye waken a kwano, ta wurgo faifan tsakar gida, ta ce, "Ran da ka sauke shi a kan wannan sau uku a jere, makulli naka ne."

Na ce ta ba ni kwana biyu kawai.

Rimot ɗin sanduna biyu gare shi. Ta dama ita ce kamar sitiyari. Ta hagu kuwa totur ce: ka tura ta sama da babban yatsa jirgi ya tashi, ka sassauta a hankali ya sauko, ka sake ta gaba ɗaya ta koma ƙasa da kanta, farfela ta tsaya. Da na ji haka na yi dariya. Totur za a koya mini?

Ashe nan wahalar take. Abu na farko da ogana ya koya mini ina ƙaramin direba, har da ranƙwashi, shi ne in ka hangi hatsari ka ɗaga ƙafa daga totur kafin ma ka yi tunani. Wannan ya shiga jinina. To a sama babu birki, babu gefen titi da za ka gangara. Da zarar jirgin ya nufi katanga, sai yatsana ya yi abin da ƙafata ta saba, ya saki sandar, abin ya faɗo tim kamar an jefo dutse. Ranar farko sau tara ya faɗi. Na tara a cikin bahon gero da aka jiƙa don kunu.

Ga kuma wani iskancin. Muddin ya ba ka baya, dama dama ce. Da ya juyo ya fuskance ka, ka ce masa dama sai ya yi hagu. Mota ba ta taɓa yi mini wannan rashin kunya ba. Batirin kuma minti bakwai yake yi, cajinsa awa guda, in da wuta ke nan. Sai ka wuni kana jira, ka samu minti bakwai, ka ɓatar da biyar wajen kakkaɓe ƙasa daga farfela.

Kwana biyun nan suka zama mako uku. Wata rana da yamma ya tsallake katanga ya shiga gidan maƙwabciyarmu, wata 'yar Binuwai mai sayar da abinci, daidai ta shanya dakakken barkono a tire. Ya tsaya a kan tiren yana kaɗa iska. Kai! Gida biyu muka yi ta tari da atishawa, har karenta. Ta miƙo mini shi ta kan katanga tana share hawaye, ta ce, "Kyaftin, sannu da sauka." Daga ranar sunan ya bi ni. A coci Kyaftin, a wurin mai shayi Kyaftin. Ni dai murmushin yaƙe kawai nake yi.

Da farfelun da suka zo a kwalin suka ƙare, na kai shi unguwar Mahuta wurin wani Malam mai gyaran rediyo. Ya juya shi, ya ga gam ko'ina, ya ce, "Baba, jikan nan naka akwai ɓarna."

Na ce, "Wallahi ba ya jin magana."

Ya liƙe abin da zai liƙu, ya ce in gaya wa yaron ya daina sakin totur a sama. Na ce zan gaya masa.

Daga nan na ɗauki abin da gaske. Na daina tashinsa sama da gwiwa. Kullum da safe ina tsakar gida ina yi wa yatsana faɗa da baki: riƙe, riƙe, kar ka saki, sassauta. Matata ta ce na fara magana ni kaɗai. A hankali hannun ya soma ji. Katanga ta daina tsorata ni. Amma duk da haka, lokaci zuwa lokaci sai ya faɗo ba gaira ba dalili, in yi tsaki in ce tsohuwar ɗabi'ar direba ce, za ta fita.

A mako na bakwai, ranar Asabar, 'yata ta zo gaishe mu. Na ce yau ce ranar. Na sa faifai a tsakiyar gida, su biyu suka zauna a benci.

Na farko ya sauka a kai lafiya lau. Na biyu ya ɗan karkace, ƙafa ɗaya a baki, matata ta ce ta yarda. Na uku na tashe shi, na zagaya da shi ta bayan igiyar shanya, na dawo da shi saman faifan. Ya tsaya cak, bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Babu iska, babu katanga kusa, babu abin tsoro ko ɗaya. Ina shirin fara sassautawa ke nan sai na ji tim. Ya zauna daram a tsakiyar faifan.

'Yata ta yi tsalle tana tafi. Matata ta rangaɗa guɗa, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko Kyaftin ya ci jarrabawa.

Ni kuwa hannuna nake kallo. Babban yatsan hagu ya zame daga kan sandar, yana kwance a gefe. Ban ce ya saki ba, ban kuma ji lokacin da ya saki ba. Na matsa shi da farce, kamar na taɓa yatsan wani. Sai da aka ɗan jima ya dawo da tsikari. Nan take na tuna duk faɗuwar nan ta ba gaira ba dalili da na yi ta ɗora wa ɗabi'a.

Matata ta kwance haɓar zani ta sa mini makullin a hannu, da ɗuminsa. Na je na buɗe motar na zauna. Na kama sitiyari da hagu, na kai dama kan giya, yadda na yi shekara talatin da ɗaya ina yi. Duk sanda direba zai canja giya, hannun hagu kaɗai ne ke riƙe da mota. Na tuna mahaɗar Romi da yamma, mata da tire a ka suna tsallakawa, masu Keke suna kutsowa ta ko'ina. Haushi ya turnuƙe ni, na doki sitiyarin har hon ya yi ƙara. Mako bakwai ina faɗa da abin da ba shi ne ba.

Na fito na miƙa mata makullin.

"Mayar da shi inda yake," na ce.

"Haba Baban yara, ai ka ci. Da idona na gani."

"Ba ni na sauke shi ba. Faɗowa ya yi."

'Yata ta daina dariya, ta kamo hannuna na hagu tana murza yatsan. Matata ta daɗe tana kallona, sannan ta ƙulle makullin a zaninta, ƙulli biyu. Ranar Litinin na fita bakin titi na tsayar da Keke zuwa asibiti.